Babi na Biyar: Lambobi Biyu da Ke Riƙe da Fuloti

Baƙon da ya sauka a tashar mota a Gombe yana neman wani gida a Hammadu Kafi, da wuya a ba shi sunan titi da lambar gida. Kwatance za a yi masa. Za a ce ya hau acaɓa, idan ya wuce masallaci ya karya dama, ya miƙe har wajen mai shayi, sannan ya nemi gida mai baƙin get da ke kallon rijiyar burtsatse. Idan ya rikice, ya tsayar da yaro ya ambaci sunan maigidan, za a raka shi har ƙofa. Haka ake yi a Pantami da Bolari da Jekadafari da Tumfure, kuma yawanci baƙo yana isa inda za shi.

Matsalar kwatance ita ce ya jingina da abubuwan da ba sa zama wuri ɗaya. Mai shayi yana tashi ya koma wata kwana. Get ɗin da yake baƙi bana, baɗi ya zama kore. Bishiyar da kakanni suka ce ita ce iyakar gona, wata rana gatari ya ci ta, ko kwari ya janye ta da damina. Hatta sunan gari yana yin ƙaura. Gomben da Modibbo Buba Yero ya kafa bayan jihadi ita ce Gombe Abba, can wajen Dukku a bakin kogin Gongola. A zamanin Turawa aka ɗauke hedikwatar masarauta zuwa Nafada, daga nan a 1919 aka dawo da ita Doma, sunan kuma ya biyo sarki. Wanda ya karanta tsohuwar takarda ya ga an rubuta Gombe, dole ya tsaya ya tambaya: wacce?

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin yake ta faɗaɗa. Gonakin dawa da na auduga na bayan gari sun koma fulotai, fulotan sun koma gidaje, unguwanni irin su Hammadu Kafi sun cika sun batse. Inda ƙasa ta yi tsada, taku biyu ma abin shari'a ne, kuma alƙali ba zai yanke hukunci da inda mai shayi yake zama ba. Ana bukatar hanyar faɗin wuri wadda ba ta tsufa, wadda mutumin da bai taɓa taka Gombe ba zai iya bi ya tsaya daidai kan gurbin. Hanyar kuwa tana cikin littafin giraf na ɗan ƙaramar sakandare, wanda yara da yawa ke ɗauka wahala ce kawai ta cin jarrabawa.

Yadda ake ɗiga ɗigo

A ja layi ɗaya a kwance, a ja wani a tsaye ya ratsa shi ta tsakiya. Inda suka haɗu shi ne tushe, daga nan kowace ƙidaya take farawa, kuma ana rubuta shi (0, 0). Malaman lissafi suna kiran layin kwance x, na tsaye kuma y. Sai a rarraba kowane layi zuwa taku-taku masu tsawo ɗaya. Littafin giraf ya hutar da ɗalibi wannan aikin, domin an riga an zana masa manyan gidaje na santimita biyu-biyu, kowanne an yayyanka shi ƙanana.

Yanzu a ce an ba ɗalibi (3, 2). Zai ɗora bakin fensir a kan tushe, ya yi taku uku zuwa dama bisa layin kwance, daga nan ya hau sama taku biyu, ya ɗiga. Shi ke nan. A duk faɗin takardar babu wani gurbi da ke amsa wannan suna sai wannan ɗigon. Idan kuma ɗigon aka ba shi aka ce ya faɗi lambobinsa, sai ya juya aikin: ya sauko daga ɗigon a miƙe har ya taɓa layin kwance ya karanta lambar farko, ya koma ya tafi gefe a miƙe har ya taɓa layin tsaye ya karanta ta biyu.

Abin da ke ka da yara shi ne jeri. (3, 2) da (2, 3) lambobinsu iri ɗaya ne, amma gurbinsu daban: na farko ya fi nisa zuwa dama, na biyu ya fi hawa sama. Ta kwance ake fara faɗa, ta tsaye ta biyo baya, kuma wannan yarjejeniya ce da duniya ta yi, ba a canza ta don son rai. Mai buga dara ya san abin tun kafin ya shiga aji. Gurabe talatin ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kuma rami na uku a layi na biyu ba shi ne rami na biyu a layi na uku ba. Wanda ya sa ɗansa a wancan maimakon wannan, an ci shi.

Hagu da ƙasa kuma fa? Nan ne lambobin da ke ƙasa da sifili suke shigowa, masu alamar ɗebewa a gabansu. (−4, 1) na nufin taku huɗu zuwa hagu, ɗaya sama. (3, −2) na nufin uku dama, biyu ƙasa. (−2, −5) kuwa hagu ne da ƙasa gaba ɗaya. Layukan biyu sun raba takarda gida huɗu, kuma da ganin alamomin lambobi, tun kafin a taɓa fensir, mutum ya san gidan da ɗigo zai faɗa. Akwai kuma ɗigogin da ba sa cikin kowane gida, suna kan layin kansa. (4, 0) yana kwance kan layin x, domin ba a hau ko taku ɗaya ba. (0, 4) yana kan layin y. Malamai sun san waɗannan biyun ne suka fi cinye wa ɗalibai maki, saboda yaro yana ganin sifili sai ya tsallake shi kamar ba umarni ba ne, alhali umarni ne cikakke: kada ka motsa ta wannan fuska.

A fitar da zancen daga takarda a kai shi unguwa. A ɗauki ƙofar wani masallaci a Hammadu Kafi a matsayin tushe, gabas ta zama dama, arewa ta zama sama, kowane taku mita ɗaya. Gidan da ke mita 120 gabas da mita 50 arewa sunansa (120, 50). Rijiyar da ke mita 60 yamma da mita 80 arewa sunanta (−60, 80). Ko an sake fenti, ko gidan ya canza hannu sau uku, lambobin suna nan. Suna kuma ba da abin da kwatance ba ya bayarwa. Mai son jan waya daga masallacin zuwa gidan nan a miƙe ba sai ya ja igiyar awo ta kan katangun mutane ba. Zai ninka 120 da kanta ya sami 14,400, ya ninka 50 da kanta ya sami 2,500, ya haɗa su 16,900, ya nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da haka. Amsar 130 ce. Mita 130 na waya zai saya, yana zaune a inuwa ya gano.

Duk wannan yana tsaye ne kan amincewa da abu uku: ina ne tushe, wace fuska ake fara ƙirgawa, kuma nawa ne tsawon taku. Idan mutum biyu suka saɓa a ɗaya daga ciki, za su riƙe lambobi iri ɗaya su tsaya a wurare daban, kowa yana rantsuwa shi ne daidai.

Daga Iskandariyya zuwa Katsina

A makaranta ana danganta wannan tsari da Rene Dekart, masanin Faransa da aka haifa a 1596 ya rasu a 1650, har ana kiran shimfiɗar layukan biyu da sunansa. Amma sanya wa wuri lambobi biyu ya girme shi da fiye da shekara dubu. Wajen shekara ta 150 miladiyya, Batlamiyus na Iskandariyya ya rubuta littafin labarin ƙasa da ya jera wurare kusan 8,000, mafi yawansu da lambar tsawo da ta faɗi, domin duk wanda ya sami littafin ya iya sake zana taswirar da kansa. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda littafinsa ya ba ilimin aljabara suna, ya gyara wannan aiki a cikin Kitab Surat al-Ard, wajen shekara ta 833, da jerin wurare sama da 2,400.

Malaman Musulunci suna da dalili mai ƙarfi na damuwa da waɗannan lambobi, wato alƙibla. Abu Raihan al-Biruni ya rubuta littafi sukutum a 1025 kan yadda ake tantance matsayin garuruwa, kuma cikin manufofinsa har da gano alƙiblar birnin Gazna. Idan an san lambobin garinku, an san na Makka, lissafi zai fitar da fuskar da liman zai kalla. Makka tana kusan digiri 21.4 arewa da 39.8 gabas. Daga Gombe lissafin yana ba da kimanin digiri 64 daga arewa zuwa wajen gabas. Wato mai salla a Hammadu Kafi ba ya fuskantar gabas sak, yana karkata zuwa arewa da kimanin digiri 26. Manhajar alƙibla da ke cikin waya wannan lissafin take yi cikin ƙiftawar ido.

Ƙasar Hausa ma tana da nata gwani a harkar gidaje da layuka. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi malami ne daga Katsina da ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya rasu a can a 1741. A 1732 ya kammala wani rubutu kan yadda ake gina hatimi, irin wanda idan aka tara lambobin kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya ake samu. Ba da lalube ake cika irin wannan hatimi ba. Akwai ƙa'ida: a fara daga gida kaza, a matsa gida kaza ta wannan fuska da gida kaza ta waccan, a rubuta lamba ta gaba. Bai rubuta x da y ba, kuma ba daidai ba ne a ce shi ya ƙago shimfiɗar Dekart. Amma wanda ya iya bin wannan ƙa'ida ya riga ya san cewa kowane gida ana gane shi da layinsa na kwance da na tsaye. Abin takaici ne yaro ya gama sakandare a Katsina ko Gombe bai taɓa jin sunan wannan malami a ajin lissafi ba.

To, mene ne Dekart ya ƙara? A 1637 aka buga littafinsa kan hanyar tunani a birnin Laidin na ƙasar Holan, da wani rataye kan lissafin siffofi. A cikinsa ya nuna cewa ana iya mayar da layi ko lanƙwasa zuwa jimlar aljabara, a kuma mayar da jimlar aljabara zuwa zane. Wani ɗan Faransa, lauya Piyer Ferma, ya kai ga wannan tunani a daidai lokacin ba tare da sun haɗa kai ba. Layuka biyu masu giciye da gidaje huɗu kamar yadda ake koyarwa yau, waɗanda suka biyo bayansu ne suka daidaita su a hankali.

Amfanin wannan ƙari shi ne layukan ba dole su zama gabas da arewa ba. Za su iya zama kowane abu biyu da ake aunawa. Duk uwar da ta kai jaririnta awo a asibitin sha-ka-tafi ta ga haka da idonta. A katin awo, layin kwance watannin yaro ne, na tsaye nauyinsa a kilo. Idan yaro yana da wata tara ya auna kilo takwas, ma'aikaciyar lafiya za ta bi layin kwance zuwa 9, ta hau zuwa 8, ta ɗiga. Wata mai zuwa ta ƙara wani ɗigon. Idan aka haɗa ɗigogin layin yana hawa, yaro yana girma. Idan ya kwanta ko ya fara gangarowa, akwai matsala, kuma katin yana nuna ta tun kafin ido ya ga rama a jikin yaron. Wannan kati da ya bazu a duniya, a Nijeriya aka reno shi: likita Dauda Moli, wato David Morley, ya tsara shi daga aikin da ya yi da ƙananan yara a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa daga ƙarshen shekarun 1950. Da wuya a sami wata takardar giraf da ta ceci rayuka kamarta.

Inda Hausawa suke a gidaje huɗu

Duniya ma an ja mata layukanta biyu. Na kwance shi ne Ikwaita, wanda ya raba ta arewa da kudu. Na tsaye kuwa sai da aka yi taro a Washinton a 1884 kafin ƙasashe suka amince da wanda ya ratsa Girinwic a Landan. Wannan layi ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya, ya bi ta Gao a Mali, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Tushen duniya, (0, 0), ba gari ba ne, ruwa ne tsundum a Tekun Gini, kimanin kilomita 600 kudu da Tema.

Nijeriya gaba ɗayanta tana gida na farko, arewa da Ikwaita, gabas da Girinwic, tsakanin kusan digiri 4 zuwa 14 arewa da 3 zuwa 15 gabas. Kano da Sakkwato da Zariya da Maraɗi da Damagaram duk a wannan gida suke, shi ya sa ɗan ƙasar Hausa bai saba ganin alamar ɗebewa a lambobin garinsu ba. Amma fataken goro da suka riƙa kai jakuna Gwanja suna tsallake layin Girinwic kafin su shiga Salaga, kuma zangon Kumasi yana fiye da digiri ɗaya da rabi yamma da layin, wato gida na biyu. A gida na uku, kudu da yamma, akwai birnin Salbado na jihar Bahiya a Barazil, kusan digiri 13 kudu da 38 da rabi yamma, inda Hausawan da aka kai bauta suka yi ta yunƙurin ƙwatar 'yanci a 1807 da 1809 da 1814. Ɗan kasuwar da harka ta kai shi Kinshasa, digiri 4 kudu da 15 gabas, shi kuma yana gida na huɗu.

Garin Gombe yana kusan digiri 10.29 arewa da 11.17 gabas. A nan akwai tarkon da ya kamata kowane mai waya ya sani. A aji ana fara faɗin ta kwance, wato gabas, sannan ta tsaye. Manhajar Google Maps kuwa, bisa tsohuwar al'adar masu taswira da matuƙan jiragen ruwa, tana fara rubuta ta arewa, latitud, sannan ta gabas, lonjitud. A wasu garuruwa idan aka juya lambobin kuskuren yana fitowa fili, domin ɗigon zai faɗa teku ko wata nahiya. A Gombe ba haka ba ne, saboda lambobin biyu sun yi kusa da juna. Wanda ya rubuta 11.17 arewa da 10.29 gabas zai sami ɗigonsa can wajen Darazo da Misau, kusan kilomita 137 daga inda yake nufi. Wuri ne na gaske, mai hanyoyi da ƙauyuka, babu abin da zai nuna wa mai kallon allo cewa an yi kuskure. Ma'aikacin da ke cika fom na rijiyoyi ko makarantu a kwamfuta, idan ya musanya gidajen biyu, ya kwashe aikin Gombe ya kai wata jiha a kan takarda.

Lambobin bayan ɗigo ma ba ado ba ne. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne. Lamba uku bayan ɗigo tana kai mutum cikin mita ɗari da 'yan kai, wato unguwa. Lamba biyar tana kai shi cikin mita ɗaya da ɗan wani abu, wato ƙofar gida. Wanda ya yanke lambobin ƙarshe don ya rage rubutu ya zubar da daidai abin da ake nema.

An ga amfanin wannan a yaƙi da shan inna. Shekara da shekaru masu rigakafi suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, kuma rugage da ƙananan ƙauyuka da yawa ba sa ciki. Daga 2012 aka fara zana taswirar jihohi irin su Kano da Katsina da Jigawa daga hotunan tauraron ɗan'adam, kowane matsuguni da lambobinsa, aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke adana inda suka taka bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma a ɗora ɗigogin a kan taswira, a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, gobe a koma. Ba wannan kaɗai ya kawo nasara ba, sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne ƙashin bayan aikin. Amma ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, ɗigogin nan suna da kaso a ciki.

Takardar safiyo

Mai fuloti a Hammadu Kafi ba da digiri ake auna masa ba, da mita ne. Masu safiyo suna yanka duniya zuwa yankuna 60, kowanne mai faɗin digiri shida, su ɗauki kowane yanki kamar shimfiɗaɗɗiyar takarda. Wannan tsari shi ake kira UTM. Gombe tana yanki na 32, wanda ya tashi daga digiri 6 zuwa 12 gabas. Layin tsakiyarsa, digiri 9, ya wuce kusa da Jos, kuma an ba shi lamba 500,000 da gangan don kada a sami alamar ɗebewa a ko'ina cikin yankin. Lambar arewa kuwa daga Ikwaita ake ƙirgo ta. Saboda haka a takardun filayen garin Gombe da aka auna da wannan tsari za a ga lambar gabas ta kusan 737,000 da ta arewa ta kusan 1,137,000. Fassararsu mai sauƙi ce: kimanin kilomita 237 gabas da layin tsakiya, kimanin kilomita 1,137 arewa da Ikwaita. Ana sa harafin E a jikin ta gabas da N a jikin ta arewa, don kada a musanya su. Wanda ya wuce zuwa Biu ya shiga yanki na 33, lambobin gabas sun sake sabon lale.

Fulotin da aka fi sani shi ne ƙafa 50 da ƙafa 100, kusan mita 15 da mita 30. A kowace kusurwa ana binne tubalin siminti mai lamba, wanda ma'aikata ke kira bikon. Idan aka ɗauki kusurwar kudu maso yamma a matsayin tushe, kusurwoyin huɗu su ne (0, 0), (15, 0), (15, 30) da (0, 30), faɗin fili murabba'in mita 450. A takarda ta gaske lambobin za su zo da tsawo, kamar 737,015 maimakon 15, amma da an ɗebe ta wannan kusurwa daga ta waccan, tsawon gefen zai fito.

Yanzu a ce mai fulotin ya yi shekaru bai gina ba, maƙwabcinsa na gabas ya zo gini, tubalin kusurwar baya ya matsa daga (15, 30) ya koma (13, 30). Daga bakin titi babu abin da ido zai gani, gaban fuloti yana nan mita 15. Amma an yanke wani siririn yanki mai kusurwa uku, gindinsa mita 2, tsawonsa mita 30, wato murabba'in mita 30. A lissafin faɗi, ɗaki biyu da rabi ke nan masu mita 3 da mita 4. Ana iya tone siminti da dare, ruwan sama ma yana iya ture shi ba da nufin kowa ba. Lambar da aka rubuta aka ajiye a ofishin gwamnati ita ce ba ta motsi, kuma da ita mai safiyo zai dawo da tubalin gurbinsa ko bayan shekara talatin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Domin tsare waɗannan bayanai a kwamfuta, Abuja ta kafa hukumar AGIS, Kaduna ta kafa KADGIS, Kano tana da KANGIS, Gombe kuma ta kafa GOGIS a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya. Zuciyar aikinsu ɗaya ce: kowane fili ya zama jerin tagwayen lambobi a kan taswira ɗaya, ta yadda idan aka sayar wa mutum biyu fuloti guda, ko wani ya hau kan hanya ko magudanar ruwa, zanen zai hau kan zane a gani a allo. A gari irin Gombe, inda kwaruruka ke cin unguwanni kowace damina, sanin inda hanyar ruwa take kafin a zuba harsashin gini magana ce ta rai da dukiya.

Akwai gargaɗi biyu da mai fili ya kamata ya riƙe. Na farko ya koma kan zancen tushe. Tsofaffin takardun safiyo na Nijeriya an auna su ne bisa ma'aunin Minna, wanda aka kafa tushensa a wani tudu kusa da garin Minna tun zamanin Turawa. Waya da na'urorin GPS kuwa suna aiki da ma'aunin duniya mai suna WGS 84. Gurbi ɗaya yana iya samun lambobin da suka bambanta da gomman mitoci tsakanin ma'aunan biyu, tazarar da ta isa ta haɗiye fulotai da yawa. Wanda ya shigar da lambar tsohuwar takarda cikin waya ya ga ɗigon ya faɗa tsakar gidan maƙwabci, kada ya yi saurin ɗaga murya, wataƙila tushen ne ba ɗaya ba. Na biyu, wayar hannu ko a fili ƙarƙashin sarari tana iya kuskuren kusan mita biyar, kashi ɗaya cikin uku na faɗin fuloti. Ta isa ta kai baƙo ƙofar gida, ba ta isa ta raba iyaka ba. Wannan aikin mai safiyo ne da ke da rajista da hukumar SURCON, da na'urorin da ke auna har santimita.

Duk da haka, barin lambobin gaba ɗaya a hannun ma'aikata sakaci ne. Magidanta da yawa suna ninke takardar safiyo su sa a ƙasan akwati, sun san launin hatimin da ke jiki amma ba su taɓa duba jerin lambobin kusurwoyi ba, alhali ɗansu na aji biyu a ƙaramar sakandare an koya masa duk abin da ake bukata don karanta su. Malaman lissafi ma suna da nasu rabon laifin idan suka bar darasin ya mutu a kan allo. Filin makaranta da igiya biyu da turaku da toka sun isa a zana layin kwance da na tsaye a ƙasa, a kira (3, −2) yaro ya taka da ƙafarsa ya tsaya a kai.

Mai karatu da ke da fuloti a Hammadu Kafi, ko a kowace unguwa, ya ciro takardarsa a wannan mako. Ya nemo lambobin kusurwoyi huɗu, ya duba wace ce ta gabas wace ce ta arewa, ya ga ko an rubuta Minna ko WGS 84 a gefe, ya zauna da ɗansa su ɗebe wannan daga waccan su ga ko tsawo da faɗin sun yi daidai da abin da ya biya kuɗinsa. Idan tubalan kusurwa sun ɓace ko yana shakkar inda suke, ya kira mai safiyo mai rajista, a gayyato maƙwabta da mai unguwa, a mayar da su a gaban kowa tun kafin a fara haƙa harsashi.